Yadda Za Ki Rasa Kujerar Jirgi a Kan "Da Sauransu"

"Ba zan sa hannu ba, Farfesa." Abin da na faɗa wa shugaban ɗakin gwajinmu ke nan, kuma fasfo ɗina na nan sabo fil har yau. Idan ke ma kina son wannan matsayi, 'yar'uwa, bi matakan nan. Na gwada da kaina, ba sa kuskure.

1. Ki riga kowa gani

Jinin masu sayar da kaji ne zai zo, dukansu da zazzaɓi iri ɗaya. Na'ura za ta nuna ƙwayar cutar da babu ita a littafin kowa. Ki maimaita gwajin sau uku. Idan wuta ta ɗauke, ki rungumi kular ƙanƙara ki tsallaka titi da ita zuwa firinjin asibiti. Wata bakwai a haka ya wadatar.

2. Ki aika sakamako nan take

Abokan aiki na ƙasashe biyar suna jira, cuta kuma ba ta jiran rigimar kowa. Ki ba su komai ranar da kika samu, a fara kare mutane. A taron bidiyo za su yi ta yabon "tawagar can". Ke ce tawagar can. Masana sun tabbatar cewa intanet ba ta yankewa sai an zo kanki.

3. Ki karanta takardar binciken har ƙarshe

Wannan shi ne babban laifin. Sunaye goma sha tara a sama, naki babu. Ki ci gaba da duba. Ga shi can ƙasa a wurin godiya, bayan kamfanin da ya gyara firinji. Su kuwa ba za su iya bugawa ba sai wadda ta yi gwajin ta sa hannu cewa sakamakon gaskiya ne.

Farfesa zai cire tabarau. "'Yata, ai idan ana ambaton bincike, sunan farko kawai ake faɗa, sai a ce da sauransu. Kowa da sauransu ne."

Ki ce, "To, ranka ya daɗe, a sa ni cikin sauransun mana." Ki ajiye masa bironsa a hankali.

4. Ki jure masu ba da haƙuri

Kowane ofis yana da Sarkin Haƙuri. Namu teburinsa na kusa da nawa. "Ke, shekarata goma sha biyu a godiya, me ya same ni?"

Ki dubi tsohon takalminsa kawai.

A gida Umma za ta ɗora nata. "Sunan nan da kike tada jijiyar wuya a kai, wa bai san shi ba a layin nan? Taurin kan babanki ne sak." Sannan ta ƙara miki nama a kwano. Ki ci, goyon baya ne.

5. Ki iya jira

Wata uku Farfesa zai riƙa amsa gaisuwarki da hanci. Ki ci gaba da gaishe shi har da rusunawa. Wata rana wata dattijuwar mai bincike daga ƙetare za ta rubuto layi ɗaya: wa ya yi gwajin, kuma me ya hana shi sa hannu? Da yamma sunanki zai hau sama, na biyu, da kuskuren harafi ɗaya. Ki mayar musu su gyara. Tunda an fara, a ƙarasa.

Gargaɗi

Babu ruwana da abin da zai biyo baya, kada a zo mini gida. Ni dai ga abin da ya ci mini: babban taron da aka gabatar da ƙwayata, Sarkin Haƙuri aka tura, ya dawo mini da tsarabar biro. An ɗauke ni daga kan na'ura zuwa ɗakin wanke kwalabe, shekara guda ke nan. Duniya kuma har gobe "Farfesa da sauransu" take cewa. Amma duk wanda ya buɗe sauransun, da ni zai fara cin karo.