Yadda Ake Bayyana wa Surukai Sana'ar Turara Gilashi

Ka yi karatun kimiyya. Aikinka ka dafa sinadari har ya zama tururi, tururin ya bi ta kan gilashi mai zafi, zafin ya wargaza shi, ya bar wani shafin ƙarfe da ido ba ya gani. Yanzu kuma aure kake nema. Bi matakan nan, ba makawa za a ba ka. Lirwanu na Gummi ya gwada su a 2014, ranar da ya je Anka gaishe da Alhaji Nababa mai gero, mahaifin budurwarsa Hure.

1. Kada ka ambaci ƙarfe

Lirwanu ya ambata. Alhaji, wanda ya binne jikoki biyu a shekarar gubar dalma, ya ajiye ludayin fura, ya tambaya ko hayaƙin nan yana shiga gidan mutane. Lirwanu ya rantse a cikin rufaffen bututu ake yi, can jami'a, nesa da yara.

2. Tafi da shaida

Ya zaro guntun gilashi daga aljihu, aikin shekara biyu. Alhaji ya ɗaga shi, ya juya, ya ce bai ga komai ba. Lirwanu ya ce ai kyan aikin ke nan. Kai kada ka faɗi haka.

3. Bar tsohuwa ta fassara

Inna Tasalla, mahaifiyar Alhaji, tana jin su daga ƙofar zaure. Ta sa shi ya maimaita a hankali: wuta, hayaƙi, abin da ya manne.

"Ɗana, wanga ai kunkunniya ta," in ji ta. "Ɗakin girkina shekara arba'in shina yin ta, ba wanda yab ba shi takarda."

4. Amince

Lirwanu ya buɗe baki zai kare digirinsa, sai ya hango gefen mayafin Hure a bayan zana.

"Ita ce, Inna. Tawa dai ba ta kai taki kauri ba."

Alhaji ya ɗauki ludayinsa, ya ce a turo manya bayan kaka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Hure ta tare, tana da 'ya'ya biyu. Amma duk zuwan Lirwanu Anka, kafin ya gama gaisuwa an jingina masa tsani da tsintsiya a ɗakin girki, tunda shi ne masanin abin a dangi.