Ranar da Waya Ta Kai Ni Gidan Surukai

Ko da zan manta ranar haihuwata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da wayata ta tona mini asiri a gaban surukaina ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta hawan keke a unguwarmu ta Romi. Ba yara ba ne mu: ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, da mai kemis guda ɗaya. Yawancinmu likita ne ya koro mu kan keke saboda tumbi da hawan jini, amma in ka ji muna cika baki sai ka rantse gasar duniya muke shirin zuwa. Duk Asabar da sassafe muke fita, mutum ɗaya ya ja gaba yana nuna hanya.

Wannan jagorancin a hannun Oga Bulus yake, wani tsohon ma'aikacin masaƙa mai ƙarancin magana. Ɗansa ya aiko masa da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a kan keke, girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Tun daga gida yake zuba mata hanyar da za a bi. In an zo kwana sai ta yi ƙit-ƙit, ta nuna kibiya, shi ke nan. Ba ta magana, rana ba ta damunta, cajinta kuma sai ya wuni bai girgiza ba.

Ni kuwa ɗan waya ne. A cikin taswirar wayata akwai wata Baturiya mai zaƙin murya da ke cewa yi hagu, yi dama, in ka kauce ta nemo maka wata hanyar ba tare da ta yi fushi ba. Har wata ƙaramar lasifika na saya na ɗaure a gaban keke don kowa ya ji ta. (Gaskiyar magana, don kowa ya san ina da ita.) Kullum sai na tsokani Oga Bulus.

"Oga, wannan abin naka kurma ne ko bebe? Kukan gyare kawai ya iya?"

"Bari rana ta yi tsaka tukuna," in ji shi. "Waya ta mai zaman ofis ce."

Da musun ya ishi mutane, sai aka yanke cewa a ba ni Asabar ɗaya in ja tawaga zuwa wani rafi can bayan Gonin Gora ta hanyar gonaki. In wayata ta kai mu ta dawo da mu, na zama jagora. Na amsa da ƙarfi kafin in duba kalanda. Da na duba, sai na ga ranar ce za a yi addu'ar sallamar Rahila, ƙanwar matata Saratu, bikin da muke kira sen-fot, wanda ake yi wa amarya a gidansu kafin ɗaurin aure. A sabon gidan kawunsu za a yi, a Gonin Gora, gidan da ban taɓa takawa ba.

To, a dangin matata suruki ba baƙo ba ne a irin wannan rana. Mazan 'ya'yansu mata su ke kafa rumfa, su jera kujeru, su raba abinci, kuma babban suruki shi ne ke tsaye a kan komai. Ni ne babban. Mutumin kirki da sai ya je ya ce wa 'yan keke a ɗage. Ni na hango murmushin da Oga Bulus zai yi in na ce a ɗage, sai na zaɓi in yi wa matata ƙarya. Na ce ofis sun tura ni Zariya aikin gaggawa, ba yadda zan yi. Har da tsaki na haɗa, da zagin manyanmu na ofis da ba su san darajar iyali ba.

"Ba komai, Baban Alheri, ai aiki ne," in ji Saratu. "Ni zan yi wa Baba bayani."

Tun ranar Alhamis ta kwashi yara suka tafi aikin girki. Daga can ta turo mini alamar gidan a taswira, wai ko Allah zai sa mu gama da wuri in biyo. Na buɗe alamar na ƙare mata kallo da kyau, ba don in je ba, sai don in san unguwar da zan kauce wa. A lokacin har yaba wa kaina na yi da wannan dabara.

Ranar Asabar na fito cikin cikakken shiri: hular kwano, baƙin gilashi, riga ruwan ɗorawa mai kama jiki, da ɗan guntun wandon nan na 'yan keke mai soso a mazaunai. Duk wanda ya san wandon ya san ba ya rufa wa kowa asiri, balle mai tumbi irina. Da farko komai ya tafi daidai. Baturiya tana ba da umarni, mutum goma sha ɗaya suna bina, ni kuma ina waiwayen Oga Bulus a kowace kwana. Shi ma ya zuba hanyar a na'urarsa, wai don shaida.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta buɗe sosai. Waya ta yi zafi kamar dutsen guga, fuskarta ta dushe, ba na ganin komai sai inuwar hancina. Ana cikin haka kira ya shigo, lasifika ta ɗauka da ƙarfi. Saratu ce. Mutumin da ke taro a Zariya ba ya amsa waya yana haki, don haka na danne kiran da sauri, na haɗa da taswirar duka na rufe. Ban tsaya ba, don in na tsaya Oga Bulus ya ci. Ina tuƙi da hannu ɗaya na sake buɗe ta da yatsa mai gumi, na danna wurin da ya fito a sama, ina ganin ai rafin ne. Baturiya ta ce yi dama, na yi dama.

Nan take na ji ƙit-ƙit, ƙit-ƙit a bayana.

"Shugaba, mun bar hanya fa," in ji Oga Bulus.

"Ta samo mana yanke ne, Oga. Abin da gyarenka ba zai iya ba ke nan."

"Rafi yana hagu. Nan gari muke komawa."

"A bi ni kawai!"

Suka bi ni. Gonaki suka ƙare, muka shiga sababbin gidaje, bulo ba filasta, kowane layi kamar ɗan'uwansa. Da a ce akwai kiɗa da na ji tun daga nesa na gudu. Ashe an ɗauke wuta, janareta kuma ya mutu, unguwar tsit. Muka sauko wata gangara da gudu, na sha kwanar wata katanga, sai ga benci an gicciye a hanya, ga rumfuna a bayansa cike da mutane. Na matse birki, taya ta ja ƙasa, na tsaya dab da rumfar manyan baƙi. Sauran suka taru a bayana.

Kowa kansa a sunkuye, ido a rufe. Fasto yana addu'a da muryarsa kawai. Na ga 'yan zumuntar mata na coci da ankonsu da tulunan kiɗansu. Na ga amarya. Sai na ga ɗankwalin Saratu, na gane alamar da ta turo mini ce na danna. Na fara ja da baya a hankali, da nufin in sulale kafin a ce amin, a daidai lokacin da Fasto ke cewa:

"Muna kuma tunawa da babban surukin gidan nan, wanda aiki ya kai shi Zariya. Ya Ubangiji, ka tsare shi a hanya, ka kawo mana shi lafiya."

Bai rufe baki ba Baturiya ta buɗe nata, da iyakar ƙarfin lasifikar da na saya da hannuna. Cikin Turancinta mai daɗi ta sanar da duniya cewa mun iso inda za mu.

Idanu suka buɗe gaba ɗaya. Ban san yawan mutanen ba, amma na ji kowane ido a jikina, kuma ba fuskata suke kallo ba. Wata tsohuwa cikin 'yan zumunta ta miƙe ta ɗaga hannu sama.

"Kai! Ubangiji ya amsa nan take!"

Sai guɗa. Wata ta buga tulu. Fasto ya yi ta kokawa da dariya har ya samu ya ce amin. Amarya ta cusa fuska cikin mayafi kafaɗunta suna rawa.

Surukina, Baban Saratu, ya taso da sandarsa ya zo har inda nake. Dole na sauka na durƙusa, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya taɓa durƙusawa cikin wandon keke a gaban jama'a.

"Sannu da hanya, ɗana. Yaya mutanen Zariya?"

Na ce suna lafiya. (Har yau ban san abin da ya sa na amsa ba.)

"Madalla. A kan keke kuka je kuka dawo? Lallai gwamnati tana wahalar da ku."

Na roƙi izini in je gida in sauya kaya. Ya ce haba, mutumin da ya sha irin wannan tafiya ba za a sake tura shi Romi ba, ga abinci yana jiran mai rabawa. Haka na wuni ina zagaya rumfuna da tiren shinkafa, ina sunkuyawa gaban dattawa, soso a baya, gumi a gaba. 'Yan ƙungiyarmu kuwa aka ba su kujeru a inuwa, a matsayin abokan aikina da suka rako ni. Da na kawo wa Oga Bulus nasa, ko kallona bai yi ba. Ya ce in ƙaro masa nama, in kuma duba ko akwai ruwa mai sanyi.

Duk wunin nan Saratu hidimar baƙi kawai ta sa a gaba. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshi, faɗan bai zo ba. Sai washegari bayan mun taso daga coci, tana yanka albasa, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ka san wa ya ce a sa ka a addu'a? Ni ce. 'Yan'uwana suna ta cewa gudun aiki ka yi, na yi musu rantsuwa mijina ba ya ƙarya. Da na kira ka ba ka ɗauka ba, sai hankalina ya tashi, na ɗauka wani abu ya same ka a hanya. Shi ne na je na roƙi Fasto."

Wannan ya fi wandon ciwo. Dariyar jama'a kwana biyu ta yi ta zama labarin nishaɗi, amma ita rantsuwa ta yi a kaina gaban danginta, ni kuma na shigo da lasifika na ƙaryata ta. Na ba ta haƙuri, ta ce ta ji. Sai da aka yi watanni kafin in ce zan je wani wuri ta amsa ba tare da ta ɗan dube ni ba.

Mutane suna tambayata wanne ya fi, waya ko na'urar keke. In rafi kake nema, bi mai ƙit-ƙit, ba ta zafi, ba a kiranta, ba ta kuma ɗaga murya a taron mutane. Amma na daina cewa wayata ta ɓatar da ni. Na yi ta juya abin a raina, na ga cewa a cikinmu mu biyu, ita kaɗai ce ta san inda ya kamata in kasance ranar nan.