Ranar da Mota Ta Kai Amarya Babu Direba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Rabi ɗakinta ba, kuma ko na so in manta, mutanen Batsari ba za su bar ni ba. Amma bari in fara gyara abu ɗaya, don na gaji da jin sa a bakin mutane: motar nan ba ta da aljanu. Ba a yi mata asiri ba. Ba kuma wani Bature da ya mutu a cikinta ne yake tuƙa ta ba, kamar yadda wata ta rantse mini a gidan suna (ba ta san ni ce direbar ba). Abu ɗaya ne ya sami motar nan ran nan, wato ni.

Motar Yaya Nasiru ce. Yana karatu a Kanada, yana ɗan taɓa aiki, ya turo ta don a riƙa kai Baba asibiti. Irin wadda ake kira haibirid ce, tana aiki da batir tana aiki da fetur. Idan ka danna maɓalli ta tashi, ba ka jin komai, ko tari ba ta yi. Sai ta ga dama ta kunna injinta, ta ga dama ta kashe abinta, alhali tana kunne. Lokacin da aka janye tallafin mai, masu mota suka koma mashin, masu mashin suka koma ƙafa, ita ko tana ta yawo a gari kamar ba ta san halin da ake ciki ba.

Da Yaya ya zo hutu da rani ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon makarantarmu, ya bar mini makulli ya koma. Wannan makulli shi ne ya hana Kawu Iro barci. Kawu Iro ƙanen Baba ne, ya tsufa a tuƙin babbar mota, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: motar da ba ta da kuloci ba mota ba ce, keken ɗinki ce. Duk da haka keken ɗinkin yake so.

Sai bikin Rabi ya taso, 'yar ƙanwar Gwaggo Hanne, a tsakiyar damina. Gidan mijin yana wani ƙauye gaba kaɗan da Babban Duhu. A da, motoci ake jerawa a kai amarya. Bana kuwa kowa ya ce motarsa tana wurin gyara (ƙarya ce, mai ne babu). Aka tsayar da magana: 'yan rakiya su bi mashin, amarya ta shiga tamu, a je da rana a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, tunda yanzu ba wanda yake son Magariba ta riske shi a hanya.

Kawu Iro ya zo wurin Baba da sassafe, har da sabuwar hula, ya ce masa:

"Yaya, hanyar nan laka ce. A ba ni makullin."

Na ce, "Kawu, ai ba buhunan gero za a ɗauka ba. Amarya ce."

Baba ya dube ni ya dube shi, sannan ya ce, "Uwata, ke za ki kai ta. Amma ki ji ni da kyau. In aka samu matsala daga wajenki, makulli ya koma hannun kawunki. Ba na son wata magana bayan nan."

Na ce na yarda. Har da murguɗa baki, bayan Baba ya juya.

Ana gobe biki na gaya wa Yaya Nasiru, sai ya turo mini saƙon murya mai minti bakwai. Minti bakwai! Ni da ko wa'azi ne in ya wuce minti biyu sai na tsallake. Na danna. "Auta, ki saurara da kyau. Motar nan a kan santsi tana da hali. Mu nan in dusar ƙanƙara ta zuba, abin da muke yi shi ne..." Na kashe. Na rubuta masa cewa, Yaya, ranar da dusar ƙanƙara ta zuba a Batsari zan neme ka. Na sa masa hoton dariya guda uku.

Mun tashi bayan Azahar. Gwaggo Hanne a gaba da carbinta, Rabi a baya tsakanin ƙawayenta biyu, an lulluɓe ta da mayafi tana kukan da aka saba. Ni kuma na sha ankon bikin, siket ɗin da tela ya matse har sai na riƙe numfashi kafin in zauna, ga takalmi mai tsini, ga ɗaurin ɗankwali yana gogar rufin mota. Masu mashin suka yi gaba. Muna barin kwalta ruwa ya sauko, bai daɗe ba ya ɗauke, amma ya gama aikinsa.

Dab da ƙauyen akwai wata 'yar fadama, ƙasarta baƙa ce mai yauƙi. Daga can kana hango rumbuna da rumfar biki. Na ga wurin yana ƙyalli. Mai hankali zai rage gudu. Ni kuwa na tuna yadda direbobin kasuwar Wagini suke yi, su taho da ƙarfi su keta, sai na taka totur.

Motar ta fara rawa. Gaba ya nufi gabas, baya ya nufi gonar wake. Gwaggo ta saki salati. Na danne birki da duk ƙarfina, abin ya ƙara lalacewa, muka zame a hankali, a karkace, muka zauna cikin laka kamar saniyar da ta ƙoshi. Na sake taka totur har ƙasa. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta riƙa ƙyafta mini ido, motar ta ƙi ko motsi. Can sai injin ma ya ɗauke. Shiru.

"Ta mutu," in ji Gwaggo.

"Ba ta mutu ba, Gwaggo, haka take."

"Ke 'yar nan, na girme ki. Na san mutuwa in na gan ta."

Wasu magidanta da suka fake wa ruwa a gindin kuka suka taho, su shida ko bakwai, da wani dattijo mai farin gemu a gabansu. Ya leƙo ta taga ya fara gaisuwa yadda ya kamata: sannunku da zuwa, ya hanya, ya ruwa, ya mutanen Batsari, ya mai jiki da aka ce ba ya jin daɗi. Gwaggo tana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ni ko ina duba agogo.

Na katse shi. "Baba, turawa za a yi ko gaisuwa?"

(Daga baya na ji cewa shi ne wan mahaifin ango, shi ya karɓi auren da safe. Ku ajiye wannan.)

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To ɗiyata. Ai ta mutu, ko? Sai a sa mata giya biyu, in munka tura ki saki kuloci."

"Ba ta da kuloci."

Suka dubi juna. Wani daga baya ya ce, "Shi ya sa ta mutu." Wani kuma ya ce, "Ba namiji a motar ne?"

Wannan kalmar ce ta kashe ni. Na buɗe ƙofa na diro cikin laka don in nuna masa ko da namiji ko babu. Motar tana ta wani ɗan kuka, tin-tin-tin, na ce ke ma rufe mini baki, na bugo ƙofar. Na san sarai cewa shirunta ba mutuwa ba ne. Ni na gaya wa Gwaggo haka da bakina. Amma zuciya ta ɗebe ni, na fita na bar ta a kunne, a giyar tafiya, laka ce kawai take riƙe da ita.

Dattijon ya ce a rage nauyi. Ƙawayen amarya suka fito suna ɗaga zannuwa. Da aka zo kan Rabi, Gwaggo ta ce faufau. Amaryar gidansu ba ta taka ƙasa sai a ƙofar mijinta, haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta, kuma ita ma ba za ta bar 'yarta ita kaɗai ba. Aka bar su.

Aka kakkaryo ganye aka cusa ƙarƙashin tayoyi. Ni ina baya tare da su ina ba da umarni: kar ku danna nan, za ku lotsa ta, ku kama can, kai malam hannunka duk taɓo ne. Suka sunkuyar da kai suka sa kafaɗa. Ya Allah! Ya Allah! A na uku ta fita.

"Saki kuloci! Saki kuloci!" Haka suka riƙa ihu, don bakinsu ya saba.

Ta hau tudu. Ta ci gaba. Ba gudu take ba, tafiya ce irin ta matar da ta ci ado, tayoyinta sun faɗa cikin sawun amalanke sun bi shi tiryan-tiryan zuwa gari. Ni har da tafi. Na ce, "Kun gani? Na ce muku ba ta mutu ba!"

Dattijon ya juyo a hankali ya dube ni. Ya dubi motar. Ya sake duba na.

"Ɗiyata," ya ce, "to wa ke ciki?"

Ban san lokacin da na zura da gudu ba. Wato na yi niyyar gudu. Siket ya ce bai san zancen ba. Taku na huɗu takalmi ɗaya ya zauna a laka, taku na shida na bi shi, da fuska. Na tashi, na sake faɗuwa, wannan karon da baya, don kada wani ɓangare ya yi ƙorafi. Magidantan kuwa ba wanda ya motsa. Mota tana tafiya ba ƙara ba direba, wa zai bi ta? Ina jiyo muryar Gwaggo daga nesa tana karanto duk abin da ta haddace tun tana yarinya, har da addu'ar cin abinci.

Abin da ya faru a ƙofar gidan ango, labari aka ba ni. Mata sun jeru, mai guɗa ta kama hanci ta fara. Mota ta shigo shiru kamar kyanwa. Mai guɗa ta leƙa kujerar direba, guɗar ta maƙale a tsakiya. Kafin ka ce me, fili ya watse, an bar takalma da kwanonin waina. Motar ta wuce rumfa, ta sa hanci cikin dangan karan gidan, ta tura shi ya kwanta kaɗan, ta tsaya. Daidai ƙofa. Ko ni ban taɓa ajiye ta daidai haka ba.

Na iso da takalmi ɗaya a hannu, ɗankwali ya rataya a kunne, ba a gane launin ankon. Na buɗe ƙofa na danna maɓallin tsayawa, na kashe ta. Rabi tana lulluɓe, kafaɗunta suna rawa. Kowa ya ɗauka kuka ne. Ni da na san ta, na san dariya ce.

To ga inda abin ya zo. Kafin a shigar da amarya, magana ta riga ta zagaya: iskoki ne suka kawo ta. Ba wanda ya ce laifina ne. Wata tsohuwa har tana tausaya mini, wai sun jefar da direba a fadama sun karɓi sitiyari. Na ji wani sanyi a raina. In iskoki ne, ai ba daga wajena matsalar take ba, makulli yana nan.

Sai na ga dangin ango mata sun ja baya daga ƙofar motar. Ba wadda ta miƙa hannu ta kama Rabi. Na ji wata tana raɗa wa uwar ango, "Sai fa a bincika. Yarinyar da ta zo da irin wannan rakiya..." Kafaɗun Rabi suka daina rawa.

Na tsaya ina ɗigar laka. Na tuna sabuwar hular Kawu Iro. Wallahi sai da na tuna ta sau biyu.

Sannan na je gaban dattijon nan, wanda ya iso yana haki, na durƙusa, na gaishe shi tun daga farko. Ina wuni, ya gida, ya iyali, ya damina, ya taro. Ya amsa duka, bai rage mini ko ɗaya ba. Na ce ina da magana, a taru. Na shiga motar a gaban kowa, na kunna, na ja da baya, na ce su saurara. Shiru. Na ɗaga ƙafa daga birki, ta fara tafiya. Na taka, ta tsaya. Sau uku na yi.

Na ce, "Ba aljani ba ne, ba iska ba ce. Ni ce na fita ban tsayar da ita ba, don ina sauri in yi rashin kunya."

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Gara ke, ke ana iya yi maki faɗa."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har Batsari. Mai guɗa ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya, uwar ango da kanta ta kamo hannun Rabi. Ni kuma aka ba ni aron zane da ruwa a buta.

Labari ya riga mu isa gida, a kan mashin. Baba hannu kawai ya miƙo. Na sa masa makulli, ya miƙa wa Kawu Iro, wanda ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri.

Washegari na zauna na saurari saƙon Yaya har ƙarshe. Ya ce a kan santsi a tafi a hankali. Kar a danne birki da ƙarfi. In taya ta zame, motar da kanta take rage ƙarfi, fitila ta riƙa ƙyaftawa, kar a yi ta dannar totur kamar ana faɗa da ita. Ya ce laka da dusar ƙanƙara duk ɗaya ne a wurinta. A minti na shida kuma ya ce, "Kuma Auta, na san halinki. Kome aka gaya miki, kar ki fita ki yi faɗa sai kin tsayar da ita."

Abin da na koya ke nan: wanda ya turo maka minti bakwai, ta yiwu ya san ka ne.

Yau kwana tara motar tana ƙofar gidan Kawu. Kullum da safe yana shiga, ya danna maɓalli, ya kasa kunne, ya fito ya ce batir ya mutu. Jiya na hango shi yana tara mutane su tura. Gobe zan je gidansa da wayata. Zan gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, in zauna a kujerar gefe, in kunna mana saƙon Yaya tun daga farko, ba tsallake. In an yi ruwa mu tafi filin ƙwallo, ya koya mini laka, in koya masa keken ɗinki. Kafin a yanke gero nake so in karɓi makullina.