Ranar da Na Kai Baba Bayan Dutse

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikina na ƙarshe gaban malamai a jami'a ba, a Yamai, shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Aikin nawa koya wa kwamfuta gane nisa ne a cikin hoto. Kun san dutsen Filinge in ka hango shi daga nesa fari-fari yake, saboda iskar da ke tsakani tana watsa haske. To, na koya mata cewa duk abin da ya yi fari ya dushe, nesa yake. Na kusa ta shafa masa ja, na nesa shuɗi. Na gwada da hotunan daji, ta yi daidai, kaina ya kumbura.

Baba, mai sayar da yadi a kasuwa, ya biyo mota takanas daga garinmu Filinge, bayan ya gaya wa layinsu kaf cewa 'yarsa za ta zama injiniya. Ya zauna a sahun gaba yana ta gyara hula. Ni kuma, don neman suna (wallahi ba wanda ya aike ni), na ce wa malamai zan rufe da hoton da ban taɓa gwadawa ba: Baba a ƙofar gida ranar Sallah, cikin farar babbar riga.

Na danna. Gida ya fito ja. Baƙar akuyar da ke ɗaure a bayan Baba ta fito ja. Baba kuwa shuɗi shar. Munafukar na'urar ta ɗauki farar rigarsa a matsayin nisa, ta wurga shi bayan dutse, ya doshi garin Sanam.

Wani farfesa, da ban yafe masa ba har gobe, ya tambaya da Faransanci cikin ladabi ko akwai motar da ke zuwa inda mahaifina yake. Aka tuntsire da dariya. Baba ya sa aka fassara masa, ya juyo ya dube ni.

"Ɗiyata, karatun da kinka yi ke nan? Akuya na gida, ni ina daji?"

Sun ba ni takardar da ƙyar, amma a kasuwar Filinge ba wanda ya taɓa tambayar sakamakona. Sai dai su ce, "Injiniya, tsohon ya dawo?"

Tun ranar, duk abin da zan nuna gaban jama'a sai na fara gwada shi a ɗaki, kuma a kan uban wani.