Yadda Ake Haɗa Ayisin Caji a Teburin Marigayi

Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari kafin sati fawa bankinki zai kawo wuta, ko ya kawo hayaƙi. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, amma shekara tara na yi ina kai wa mijina Surajo abinci teburinsa na gyaran waya a Kurudu, ina kallo.

1. Ki samu teburi

Hanya mafi sauri ita ce mijinki ya rasu ya bar miki. Ban ba ki shawararta ba. Ranar da kika fita takaba, wansa Umar Farouk na ma'aikata zai zo ya ce: "Maman Ameera, Ebenezer mai shagon kusa zai sayi teburin nan ran Juma'a. In kin iya ƙarasa fawa bankin da Surajo ya bari, ki riƙe." Ki ce kin iya. Daga nan sai ki fara koyo.

2. Ki nemo ayisin

Baƙin abu ne mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba, manne a ɗan allo. Aikinsa ya ba batir wuta daidai cikinsa, in ya ƙoshi ya tsaya. Surajo yakan ce ya fi danginsa hankali. Suna cikin gwangwanin madara, biyu suka rage.

3. Ki nemi ƙulli

Allon yana da wuri biyu na batir, mai alamar tarawa da mai ta ɗebewa. Duk duniya jar waya ke zuwa tarawa, ban da teburin Surajo. Shi wayar da ya tsinta yake liƙa wa batir, sai ya ƙulle ta tarawa kamar mazagin wando. In idonki ya cika, ki laluba da yatsa. Ki goge fuska kafin ki sunkuya, allon ba ya son ruwa.

4. Ki bar mai ilimi ya fara

Ran Juma'a Umar Farouk zai karɓe ƙarfen liƙi daga hannunki.

"Kawo nan. Ja ne tarawa, tun a sakandare."

"Yaya, baƙar ce mai ƙulli."

"Ƙulli kuma? Lantarki ne fa, ba saƙa ba."

Ki ja da baya. Za ki ji fus, sai ƙaurin roba. Ebenezer zai ce: "Oga, ka kashe shi." Saura ɗaya.

5. Ki ɗauki na ƙarshe

Bismillah, dalma kaɗan, mai ƙulli a tarawa. Ki jona caja. Jar fitila za ta kama, batir na ci. Ki taɓa ayisin: ɗumi ba komai, in ya ƙona yatsa ki zare. Shuɗiyar fitila, alamar ya cika, sai bayan awa uku. Babu wanda zai tafi. Ki ba su kujera, kada ki ba su shayi.

In ta yi shuɗi, Yaya zai tuna yana da mitin a gari. Ebenezer zai ajiye wayarsa a gabanki ya ce: "Madam, wannan ba ya caji. Yaushe zan dawo?" Ki ce Talata. Ba ki iya gyaranta ba, amma akwai kwana huɗu.

Gargaɗi

In batirinki ya kumbura, ko wutarsa ta ci labule, babu ruwana. In kuma fitilar ta yi shuɗi, kika juya da sauri ki ce "Baban Ameera, duba," wannan ma ba ni na jawo miki ba, kuma ban san gyaransa ba.