Rasuwar Aska a Tsakiyar Gemun Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ishmael Manasse na unguwar Wulari, a madadin iyalan gidanmu baki ɗaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar askata, ta fari kuma tilo, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, tana tsaka da aiki a kan haɓar mahaifina. A tsaye nake rubuta wannan sanarwa, don tun da abin ya faru na kasa zama wuri ɗaya.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne saboda Baba. Duk wanda ya san Baba Manasse, tsohon malamin firamare, ya san bai taɓa shiga sujada da gashi a fuska ba. Shekara da shekaru Maikuɗi wanzami ke zuwa kowace Asabar da zabirarsa, su zauna a gindin dogon yaron ƙofar gida, ana aski ana musu a kan ko ruwan Kano ya fi na Biu daɗi. Da idon Maikuɗi ya yi rauni, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Kano. Hannun Baba kuwa rawa yake yi, ko kofin shayi sai ya haɗa hannu biyu. Muka kai shi shagon masu kilifa, ya dawo da ƙuraje rututu a wuya, ya ce shi da injin da ke kuka kamar sauro sun rabu har abada. Gemu ya toho, Baba ya daina zuwa coci. Ran Lahadi sai ya zauna a ɗaki da rediyo a kashe, yana sauraron ƙararrawa daga nesa. Ban iya jure ganin haka ba, na je kasuwa na ɗauko marigayiyar a rumfar Hamisu mai wuƙaƙe, ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi biro kaifi ba.

Ta zo mana kyakkyawa, doguwa, tana naɗewa cikin mariƙinta na baƙin ƙaho, jikinta kamar madubi. Ba ta da son jiki. Ba ta jiran a kawo wuta, ba ta cin batir, ba ta taɓa neman komai ba sai ɗigon man keken ɗinki da damina saboda tsatsa, da a goge mata jiki ta bushe kafin a naɗe ta. Muryarta biyu ce. A kan fata tana cewa shaf, shaf, a hankali kamar mai rarrashin yaro. A kan dutse kuwa ƙaras, ƙaras, kuma wannan ce muryar da maƙwabta suka fi saninta da ita.

Haƙuri kam ta yi da ni. Ranar farko na ɗaure tsohon bel ɗin Baba a ƙarfen taga na ja ta a kai baki gaba, ta tsarga bel ɗin gida biyu. Daga baya na gane cewa bayanta ne ke jan gaba a kan fata, kuma a kan bayan ake juya ta. Na koyi jiƙa gashi da ruwan zafi, da tayar da kumfa, da jan fatar kunci da yatsu biyu. Ta aske mini kankana. Ta aske ƙwaryar furar matata Ketura. Ta aske gashin hannuna na hagu da na ƙwaurina duka biyun, har abokan aiki a ofishin makaranta suka fara tambaya ko wata cuta ce ta kama ni.

Sai dai kowace Asabar, idan na dafa ruwa na fito da kujera, na dubi wuyan Baba, yadda fatar ta saki, yadda jijiya ke harbawa a ƙarƙashinta, sai in ji a jikina kaifin bai kai ba. In ce Baba ya yi haƙuri sai wani sati. In koma kan dutse. Kafin in tafi aiki ƙaras, ƙaras, in na dawo ƙaras, ƙaras. Ketura ta ce ko kishiya aka yi mata za ta fi samun sarari. Baba dai ya kan tashi daga kujerar da kansa, ya naɗe tawul, ya koma ɗaki. Sau ɗaya kawai ya yi magana.

"Ishmael, fuska ce, ba takardar jarrabawa ba. In ka yanke ni, jini ne, zai tsaya."

Ciwon ajalinta rama ne. A hankali ya fara, faɗinta yana raguwa, cikinta yana lotsawa, har bakinta ya koma kamar ɓawon albasa. Ina jin masu cewa wasawa ce ta kashe ta, kuma na san daga wane ɗaki maganar ta fito. Ba lokacin jayayya ba ne. Abin da zan ce kawai, babu askar da ta samu kulawa irin tata a duk faɗin garin nan namu na Yerwa, kuma mai shakka ya zo ya ga ramin da ta bari a tsakiyar dutsen.

Ranar da za ta cika, Baba bai jira an fito da kujera ba. Shi ya ja ta zuwa gindin bishiya, ya rataya tawul a wuya, ya ce ran Lahadi za a yi baftismar jikarsa Zion, kuma ba za a ba shi labari a ɗaki ba. Na shafa kumfa. Na ɗora ta a kuncin hagu, daga gefen kunne na yi ƙasa. Jama'a, ta yi aiki. Gashi fari yana zuba a kan tawul, fata tana fitowa sumul, ko ƙwarzane babu. Baba ya lumshe ido kamar yadda yake yi wa Maikuɗi. Da muka iso haɓa, inda gashin ya fi tauri, sai ta ce ƙis. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Bakin ya ɓantare a tsakiya, guntun ya faɗa cikin kumfa, ita kuma ta tafi ba ta ɗiga jinin kowa ba.

Ta rasu ta bar dutsen wasawa guda, wanda yanzu yake kulle a akwatin Ketura, makullin a bakin zanenta. Ta bar rabin bel a ƙarfen taga, da burushin kumfa, da kankana mai sanƙo. Ta bar ni, ina zagaye tsakar gida, yatsuna suna kai da komo a kan iska. Ta kuma bar Baba da kunci ɗaya tas, ɗaya cike da gemu. Ketura ta kawo reza daga shago, ta roƙe shi ta ƙarasa masa, maƙwabta suka ce a kira wani wanzamin. Baba ya shafa kuncin hagu, ya sake shafawa, ya ce a'a.

"Wanda ya fara, shi zai gama."

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da sassafe a gindin dogon yaro, a naɗe ta cikin tawul ɗin da ta yi aikinta na farko da na ƙarshe a fuskar mutum da shi. Ba a buƙatar kujeru ko abin sha. Mai son yi mana ta'aziyya ta gaskiya, in yana da aska a gida, ya zo da ita kafin ƙararrawar farko, kuma ya riƙe dutsensa a can. In ba a samu ba, Baba ya riga ya sa an goge masa takalmi. Ya ce haka nan zai shiga sujada, a benci na gaba, kuma zai zauna ta inda jama'a za su ga kuncin hagu.