Ranar da na sha Turanci

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Tudun Wada ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Lokacin ina da shekara arba'in da ɗoriya, na gama ajin yaƙi da jahilci, ina karanta Hausa tsaf. Sai aka ce ana neman mai gadin daji mutum ɗaya a wajen Doguwa, aiki mai kaki da hula, amma sai wanda ya san kalmomin Turanci talatin na takardar izinin sare itace, kowace da ma'anarta. Mu shida muka shiga.

Malam Garba, malamin ajinmu, ya rubuta mana su. Wata biyu ina fama. In haddace da safe, kafin in kai gona sun zube. (Ni da na san kowane reshe na dajin nan, wai sai na san sunan gatari da Turanci!)

Saura kwana uku jarrabawa, taubashina Mamman ya same ni a zaure ina ta maimaici.

“Kai da wannan tsohon kan naka,” in ji shi, “ai ba ta kunne zai shiga ba. Rubuta ka wanke ka sha.”

“Turancin?”

“To shi ba rubutu ba ne? Kowace kalma ƙafa bakwai.”

Allona dai ban yarda na sa masa boko ba. Farantin tangaran na maiɗakina na ɗauka, na aro fensirin Malam Garba, irin wanda ake lasa kafin ya kama. Kwana uku ina rubutu, kalma da ma'anarta, sau bakwai-bakwai, faranti na cika in goge in ci gaba. Safiyar Talata na cika shi na ƙarshe, na wanke, na yi bisimilla na shanye. Ɗaci kamar maɗaci.

Abin da ban yi tunani ba, fensirin nan in ya ji ruwa tawada yake zama. Maiɗakina ta dube ni ta saki ludayi. “Maigida, marina ka faɗa?” Leɓe, harshe, haƙora, har gemu, duk sun yi shuni. Na dirza da toka, na dirza da asuwaki, kamar ƙara shi nake.

Haka na naɗe baki da rawani na tafi. Mai jarrabawar, wani dattijo daga Kano, yana zaune gindin ɗorawa, rabin gari sun kewaye shi. Da aka zo kaina ya ce, “Forest.”

Na amsa ta cikin rawani.

“Malam, ban ji ba. Sauke amawalin nan.”

“Ranka ya daɗe, haƙori ke damuna.”

“Sauke dai.”

Na sauke. Na ce, “Daji.” Sai Mamman, wanda ya jefa ni a ciki, ya ɗaga murya daga baya: “Ranka ya daɗe, a tambaye shi da sauri kafin Turancin ya narke!” Jama'a suka kwashe da dariya. Malam Garba ya dubi bakina, ya dubi aljihunsa inda fensiri ya saba zama, ya sunkuyar da kai.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har kunyar ta gudu. Dattijon yana jefo kalma ina cafewa, gatari, wuta, izini, iyaka, da baki shuɗi da hawayen haushi. Talatin cif, ban faɗi ko ɗaya ba. Ni aka ba aikin.

To ga abin da har yau ke ci mini rai. Babu wanda ya ce sannu da ƙoƙari. Kwana uku na yi ina rubuta kowace kalma har yatsuna suka ƙage, shi ya zaunar da su a kaina, amma duk gari suka ce tawada ce. Mamman har tukuici yake nema. Shekara na zagayowa, fensirin Malam Garba uku suka ɓace, mutum huɗu suka je jarrabawa da baki shuɗi, duk suka faɗi.

Ni dai abin da na koya: rubutun shi ne maganin, shan kuwa wauta ce tawa. Kuma in taubashinka ya ba ka shawara yana murmushi, ka ce ya fara kurɓa.